Rigar Kardan da Labulen Sarƙa

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

Daga nan Yamai muke magana. Direbobin tarakta da aparantinsu, masu walda, masu lambu da masu ɗaukar hayar inji, yau zancen naku ne, a matso kusa da rediyo.

Damina ta ɗauke, ciyawa ta kai ƙugu ta fara bushewa. Lokacin injin sassabe ke nan, wato faffaɗan murfin ƙarfen nan da ake ratayawa a bayan tarakta, mai wuƙaƙe a ƙarƙashinsa, wanda bakanikai ke ce wa jirobroyar. Aikinsa na nan birjik: lambunan mangwaro na bakin kogi, filayen da za a yi gini a gefen gari, makiyayar da garmani ya cinye, da hanyoyin tare gobarar daji da ake buɗewa kowace kaka a yankin makiyaya, wajen Tahoua da Dakoro da Bermo. Abin da gayya za ta yini tana yi da adda, shi kafin azahar ya gama. Ba mu zo kushe shi ba. Abin da ya kawo mu shi ne, da yawa daga cikin injinan da ke aiki a ƙasar nan tsirara suke, ba rigar kardan, ba labule, ba rumfa. To ina ake samun waɗannan, wanne za a iya ƙerawa a kasuwar Katako, wanne ne kuma dole sai an saya?

Mu fara da lissafi. A bayan tarakta akwai wani guntun ƙarfe mai haƙora shida da ke leƙowa, kaurinsa milimita 35, ana ce masa piris-da-fos. Ta nan ƙarfin tarakta ke fita, ya bi doguwar sandar nan mai gwiwa biyu da ake kira kardan, ya shiga akwatin giya da ke kan murfin injin, ya juya wuƙaƙe. Kamfanin International Harvester na Amurka ne ya fara sayar da tarakta mai wannan baki a 1918, daga baya masu ƙera taraktoci suka daidaita a kan gudu guda, juyi 540 a minti. Wasu manyan taraktocin suna da na juyi 1,000, mai haƙora 21. Raba 540 gida 60, ka samu 9. Kafin ka rufe baki daga cewa wayyo, sanda ta juya sau tara. Idan gwiwarta ta kama bakin riga, tana naɗe wajen mita biyu na yadi a daƙiƙa guda. Lafiyayyen mutum, wanda hankalinsa ke jikinsa, sai ya ci rabin daƙiƙa ko fiye kafin hannunsa ya amsa abin da idonsa ya gani. A cikin wannan rabin daƙiƙar mita guda ta tafi. Hannun rigarka bai kai mita ba.

Yanzu dubi abin da muke sawa. Babbar riga, jallabiya, rawani mai jela, ƙyallen da direba ke naɗewa a hanci saboda ƙurar hunturu, igiyar laya, mayafin matar da ta kawo fura gona. Kada wani ya ce maka ai rigar za ta yage ta sake ka. Shadda mai kyau ba ta yagewa da wuri, ɗinkin telan kirki ma haka. Na san abin da za a ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne. Amma wanda ke faɗin haka yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu kafin ya tafi gida, kuma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa tawakkali ya hana riƙon sababi ba.

Rigar kardan bututu biyu ne na roba mai tauri, galibi rawaya ko baƙi, ɗaya na shiga cikin ɗaya, kowane kai da faffaɗan baki da ke lulluɓe gwiwa. Ba ta taɓa sandar sai ta kan wani zoben roba da ke zaune cikin kwarmi a wuyan kardan. Sanda na juyawa a ciki, riga na tsaye a waje, domin akwai ƴar sarƙa a kowane kai da ake maƙalawa, ɗaya a jikin tarakta, ɗaya a jikin inji. Ko ka jingina da ita, ba abin da zai kama ka.

Yadda take salwanta kuwa duk mun sani. Aparanti ya zo sa giris, bakin rigar ya tare masa hanya, sai ya sa wuƙa ya yanke. Direba ya yi kwana mai tsanani, taya ta murƙushe ta. Ko kuma an bar injin a fili tun daga Maris har Mayu, ranar Yamai da ke haura digiri 40 ta gasa robar, ta yi fari, ka taɓa ta ruɓushe. Sai kuma injinan da ke zuwa kwance daga Turai ta tashar Lome ko ta Kwatano. A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar injina ta 2006 ba ta yarda a sayar da sabon kardan ba tare da rigarsa ba. Ke nan in ka ga kardan ɗan Jamus ko ɗan Italiya tsirara a hannun dillali, da rigarsa aka haife shi, a hanya aka tuɓe masa.

To a ina za a samo? Bari in kawo muku irin cinikin da ake yi a shagunan kayan gyara.

"Alhaji, barka da zuwa. Me ake nema?"

"Rigar kardan nake so, malam, ta injin sassabe."

"Wane iri, ranka ya daɗe?"

"Ja ne. Na bayan Massey Ferguson."

"Allah ya huci zuciyarka, Alhaji, a nan launi ba ya sayen kaya."

Mai shago na da gaskiya. Wanda ya ƙera tarakta ba shi ya ƙera kardan ba, sau da yawa ma wanda ya ƙera injin sassaben ba shi ba ne. Kardan sana'ar wasu kamfanoni ce ta daban, irin su Walterscheid a Jamus, da Bondioli & Pavesi da Comer a Italiya, ga kuma masu kwaikwayonsu a Sin da Turkiyya da Indiya. Saboda haka sunan tarakta ba zai kai ka ko'ina ba. Awo ne zai kai ka. Ka zare sandar gida biyu ka leƙa bakin bututun ƙarfen: akwai mai kusurwa uku, akwai mai siffar lemun tsami, akwai mai siffar tauraro. Ka auna faɗin gicciyen da ke cikin gwiwa daga kai zuwa kai, da kaurin hularsa. Ka auna tsawon sandar a rufe, daga gicciye zuwa gicciye. Sannan wanda aka fi mantawa, kuma shi ne uwa uba, ka goge wuyan kardan da tsumma ka nemo kwarmin nan da zobe ke zama, ka auna kaurin wuyan a daidai wurin. In zobe bai zauna daram ba, rigar ko dai ta zame ta bar gwiwa a fili, ko ta cije ta riƙa juyawa tare da sanda.

Mafi sauƙi, ka ɗora kardan ɗin gaba ɗaya a amalanke ka kai wa mai kaya ya gani da idonsa. Fara da wanda ya sayar maka da injin. Ka zaga masu kayan gyaran taraktoci na cikin gari, ka leƙa masu kwancen ƙarfe na Katako da Tourakou, ka tambaya a CAIMA, tunda su ne cibiyar gwamnati ta kayan noma. In ba a dace ba, ga waya a hannunka: ɗauki hoto da ma'auni a jikin ƙarfen yadda lambobin za su fito, ka tura ta WhatsApp ga ɗan'uwa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko ga masu zuwa Lome. Akwai riguna da ake yi na gama-gari, masu zuwa da zobba iri-iri a leda guda, ka zaɓi wanda ya yi daidai, ka yanke tsawon da zarto. Sai dai tun 2023 da hanyar Kwatano ta samu tangarɗa, kaya na daɗewa kafin su iso. Wanda ke son aiki a watan Oktoba, tun cikin damina ya kamata ya aika.

Wani lokacin sayen sabon kardan sukutum da rigarsa ya fi neman rigar kaɗai sauƙi. In haka ta faru, kada ka ɗaura shi yadda ya zo. Idan ya yi tsawo, ranar da ka ɗaga injin sama sandar za ta tokare, ta fasa akwatin giya ko ta illata bayan tarakta. Idan ya gajarta, sai ya rabu biyu yana cikin gudu, ɓarin da ke jikin tarakta ya riƙa dukan duk abin da ya samu. Ƙa'idar ita ce bututun ƙarfen biyu su shiga juna da aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu lokacin aiki, kuma abin da ka rage a ƙarfe, shi za ka rage a riga.

Na ga dabarar da wasu ke yi ta zura bututun famfo na ruwa a kan sanda. Niyyar mai kyau ce, aikin ne bai yi ba. Bututun ba shi da zobe, kwance yake a kan ƙarfe, tare suke juyawa. Bai kuma rufe gwiwa ba, alhali gwiwa da ƙusar da ke kulle ta su ne masu kamun riga. Wasu kuma na lanƙwasa tol, wato fallen ƙarfe, su kifa a saman sandar, ƙasa a buɗe. Wannan ma an gwada shi a inda aka riga mu. A 1994 hukumar NIOSH, mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka, ta fitar da gargaɗi bayan mata biyar a jihar New York sun sunkuya kusa da sandar injin ɗaure ciyawa, sanda ta kama musu gashi ta ƙarƙashin irin wannan murfin, ta yi musu mummunan rauni a fatar kai da fuska. Duk abin da bai zagaye sandar ba, bai rufe ta ba. A kan rigar kardan, ra'ayina ɗaya ne: saya ake yi.

[Gajeren kiɗa]

Sauran kuwa, wato rumfa da labule, masu waldanmu za su iya, kuma su yi da kyau. Ƙasar da ta daɗe tana ƙera garma da amalanke a masana'antu irin su C-DARMA a Dosso da ACREMA a Tahoua da UCOMA a Damagaram, lanƙwasa tol ba zai gagare ta ba. Rumfar da ke saman piris-da-fos, wadda ake cirewa don ta hana hannu shiga lokacin ɗaura kardan, tol ne mai kauri da aka lanƙwasa ya rufe sama da gefe biyu. A yi mata hinji yadda za a ɗaga a mayar, sai a daina jefar da ita. Sharaɗin kawai shi ne ta hau kan bakin rigar kardan da aƙalla santimita 5. Haka za a yi wata a ɗaya kan, wajen akwatin giya.

Yanzu mu leƙa ƙarƙashin murfin. Wuƙaƙe biyu ne, kowace ta kai nauyin kilo da dama, a rataye a kan manyan ƙusoshi don su kauce in sun daki kututture. Bakinsu na gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Kaifi ba shi ne aikinsu ba, duka ne. Ƙasarmu kuwa, musamman kan tudun da ke kewaye da Yamai, marmara ce da tsakuwa, ga kwalabe, ga guntun bulo, ga wayar shinge da ciyawa ta binne. Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye da majajjawa a fadamar shinkafa ta Saga ko Kirkissoye ya san abin da dutse ke yi in an juya shi aka saki. To wannan majajjawa ce mai ƙarfin doki 60 ko 70. Shi ya sa littattafan da ke zuwa da injinan nan suke cewa kada mutum ko dabba su kusanci wurin aiki da ƙasa da mita 90 zuwa 100. Tsawon filin ƙwallo ke nan.

Abin da ke tare dutsen shi ne labulen sarƙa, a gaba da bayan murfin. Ga yadda mai walda zai yi shi. Ya samo sarƙa mai kaurin milimita 8, sabuwa, ba wadda tsatsa ta ci ba. Ya yanyanka ta guntu-guntu, tsawo ɗaya, yadda in an sauke injin a tsayin aiki bakinsu zai kusa shafar ƙasa. Ya samo ƙarfe mai kusurwa daidai faɗin injin, ya jera guntayen kafaɗa da kafaɗa, ba giɓin da yatsu biyu za su wuce. Maimakon ya narke kowace sarƙa da walda, gara ya tsaga ramuka a jikin ƙarfen, ya leƙo da kan kowace, ya zura sandar ƙarfe guda ta riƙe su duka, don gobe in ɗaya ta tsinke a zare a sauya. Sannan ya zura igiyar waya ta cikin zobe na biyu daga ƙasa, tun daga wannan gefe har wancan, ya ɗaure. Wannan wayar ce ke hana guntayen buɗewa in dutse ya dake su. Kafin ya karɓi kuɗinsa, a kashe tarakta, a tura kowace sarƙa ciki da hannu, a juya wuƙa a gani. In wuƙa na iya taɓa sarƙa, an ƙera harsashi ne, a rage tsawon. Wanda zai yi aiki a bakin titi ko kusa da gidaje, layi biyu zai sa.

Akwai masu sa tsohon bel mai faɗi maimakon sarƙa. Yana tare tsakuwa sosai a ciyawa mai laushi, amma sabara da geza na yaga shi da wuri. Kowanne aka sa, rage jifa yake yi, ba ya kawar da shi, mita ɗarin nan na nan daram. Wuƙa kuma in ta tsage ko ta lanƙwashe, ba a yi mata walda, ba a gasa ta a miƙe. Masu yanko wuƙa daga sifirin babbar mota su sani cewa ranar da ta karye, ba labulen da zai riƙe ta. A sauya biyun tare, don nauyinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba injin zai yi ta karkarwa har ƙusoshi su saki.

Wata kariyar kuma ƙarama ce, ba ta kai tsawon yatsa biyu ba. A inda kardan ya haɗu da akwatin giya akwai bulon guda da aka yi shi da ƙarfe mai taushi da gangan, domin in wuƙa ta daki abin da ya fi ƙarfinta, shi ya karye, sauran su tsira. Direba ya ga ya karye sau biyu a yini, ransa ya ɓaci, sai ya nemo bulon mai tauri na injin mota ko guntun rodi ya cusa. Daga ranar bulon ya daina karyewa, sai gicciye ya karye, ko haƙoran giya. Saya irin nasa guda goma ka zuba a akwatin kayan aiki. Masu faifan da ke zamewa maimakon bulon kuwa, bayan injin ya yi watanni a ajiye, faifan na cijewa da tsatsa, sai an sassauta an bar shi ya zame kaɗan kafin a mayar a ɗaure.

Masu tsofaffin taraktoci, ku kasa kunne. A wasunsu, piris-da-fos da tayoyi hanyarsu ɗaya a cikin giya. Ka taka ambiriyaj, wato kuloci, ka taka birki, amma nauyin wuƙaƙen da ke juyawa sai ya ci gaba da tura tarakta gaba. In gabanka magudanar ruwa ce ko katangar maƙwabci, sai dai a yi jaje. Maganinsa wani ƙarfe ne da ake sawa tsakanin tarakta da kardan, mai juyawa gefe guda kawai, bakanikai na ce masa ru-libir. Amma yana ƙara wa bakin tsawo har ya leƙo waje da rumfa, don haka rumfar ma sai an ƙara ta.

Yawancin masu saurarenmu ba su da tarakta, haya suke ɗauka, kuma a hannunsu ƙarfin yake. Kai ne mai biya, ƴaƴanka ne za su fito kallo. Kafin a sauke injin a gonarka, zaga shi. In ka ga ƙarfen kardan na ƙyalli a rana, ka ce, "Maigida, a yi haƙuri, a je a sa masa riga tukuna." Ƙungiyoyin manoma na fadamun hukumar ban ruwa ta ONAHA, da ma'aikatun magajin gari masu ba da kwangilar share bakin hanya, su rubuta shi cikin takardar yarjejeniya. Mai injin da ya rasa aiki sau biyu saboda rigar roba, da kansa zai nemo ta. Sannan kafin a fara, a bi filin da ƙafa, a tsince duwatsu da waya, a kafa sanda mai tsumma a kan kututture da bakin tsohuwar rijiya. A nan ne kuma za ka nuna wa direba ƴan itatuwan da kake rainonsu. Sassaben zamani da aka faro a yankin Maraɗi cikin shekarun 1980 ya mayar wa ƙasar nan miliyoyin itatuwa, injin nan kuwa bai san gawo ba, bai san kalgo ba. A sa babba guda ya tsaya nesa yana kora yara, da mata masu tsintar kara, da makiyayin da zai biyo sabuwar ciyawa da garkensa. Kujerar tarakta ta mutum ɗaya ce, aparanti ba ya hawa kan murfin taya.

Kowace safiya, tarakta a kashe, makulli a aljihunka, kwance ƴar sarƙar ka juya rigar da hannu. In ta juya sumul ba tare da sandar ba, lafiya. In ta cije, ƙura ta shiga zobe, wanke ka sa giris. In ciyawa ko waya ta naɗe wuƙa ana cikin aiki, cire piris-da-fos, sauke injin ƙasa, kashe tarakta, ka zauna a kujera har kunnenka ya daina jin juyin wuƙaƙe, domin suna daɗewa suna juyawa bayan an kashe. Kada ka shiga ƙarƙashin injin da haidirolik kaɗai ke riƙe da shi, sai an tokare da katako mai kauri.

In kuwa, Allah ya kiyaye, sanda ta kama mutum, wanda ya fi kusa ya kashe tarakta, shi ya sa ya kamata kowa a gonar, har yaran gida, a nuna masa inda ake kashewa. Kada a kunna don a warware shi, kada a ja shi. A yanke tufar, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, a danne da ƙarfi kada a saki, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, ko motar agajin gaggawa ta SAMU a lamba 15.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba bel ɗin injin niƙa da na injin casar shinkafa. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]